Tsofaffin kayan tebur: tarihinmu ne muke sayarwa a kan sikeli

Watanni kaɗan da suka wuce, ƙanena da ke ci-rani a Beljiyam ya turo mini hoto ta WhatsApp. Hoton keken rubutu ne ƙirar Olympia, an goge shi fes an ɗora a tagar wani shagon kayan da. A ƙasan hoton ya rubuta: "Yaya, wannan ba irin na Baba ba ne? Ina namu yake?" Na kwana biyu ban ba shi amsa ba, saboda ni ne na sayar da shi. Bayan rasuwar tsohon, da muka zo share ɗakinsa, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya aza keken a sikeli ya miƙo mini kuɗin da ba su kai na buhun gawayi ba. Ma'aunin wasiƙu da akwatin alƙaluma kuwa kyauta na ƙara masa.

Mahaifinmu ya yi shekara fiye da talatin yana rubuta wa jama'a wasiƙa a bakin gidan waya na Maraɗi. Matan da mazansu ke Abijan, Kumasi ko Legas a gabansa suke zama su faɗi abin da ke ransu, shi kuma ya buga, a liƙa tambur a tura. Idan manda ta iso, shi ke cike takardar karɓar kuɗi. Neman aiki, ƙara a kotu, sanarwar haihuwa da ta mutuwa, duk sun bi ta kan wannan keken. Abin da na sayar ke nan da kilo.

A Turai da Amurka akwai mutanen da suka mai da tara irin waɗannan kaya sana'a da sha'awa: kekunan rubutu, kwalaben tawada, alƙaluman ƙarfe, hatimai, ƙararrawar tebur, wuƙar buɗe wasiƙa. Suna da kasuwanninsu da shafukansu na intanet, kuma gidajen tarihi na tare da su. Keken Olivetti Lettera 22, wanda ya fito a 1950, yana cikin kayan gidan adana fasahar zamani na birnin New York. A 2012, da kamfanin Brother ya ƙera kekensa na ƙarshe a Birtaniya, bai kai shi kasuwa ba, gidan tarihin kimiyya na Landan ya miƙa wa. Mu kuma namu suna jibge a Katako ta Yamai da sauran kasuwannin tsofaffin kaya, rana da ruwa na cin su.

Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da matasanmu za su shiga wannan aiki na tarawa da adanawa, amma ba don kwaikwayon Bature ba. Dalilinmu ya fi nasu ƙarfi, domin mu teburin rubutu biyu muka gada. Akwai na malam, wanda a gaskiya buzu ne ba tebur ba: kurtun tawada, alƙalamin kara, tawadar da aka haɗa da gawayi da ƙaro, allo da gafaka. Da waɗannan aka yi wasiƙun fadar Damagaram tun kafin Bature ya iso. Akwai kuma na biro da lakwal: keken rubutu, kashe, takardar tsane tawada, da alƙalamin ƙarfe mai tawada ruwan makuba da iyayenmu suka koyi rubutun boko da shi kafin bik ya kore shi. Damagaram ce babban birnin ƙasar nan har zuwa 1926, ke nan ofisoshi da gidajen tsofaffin ma'aikata na can ba za su rasa irin waɗannan kaya ba.

Ko keken kansa yana da labarin da ya shafi harshenmu. Waɗanda aka kawo mana an yi su ne don Faransanci, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a jikinsu. Ko bayan taron Bamako na 1966 da ya duba yadda za a daidaita rubutun Hausa da wasu harsunan yankin, mai buga Hausa sai ya gama sannan ya bi da alƙalami yana lanƙwasa haruffa ɗaya bayan ɗaya. Yau da Hausa ta zama harshen ƙasa tun 2025, ya kamata yaran da ke latsa waya su ga inda aka fito.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, mai neman abin sa wa a baki ba ya ajiye tsohon ƙarfe don kallo. Gaskiya ne, kuma ba ni da bakin zargin kowa. Sai dai kuɗin sikeli ba ya raba mutum da talauci, kwana ɗaya ne ya ƙare, kayan kuma sun tafi ke nan. Na biyu, za a ce yawancin kayan biro na mulkin mallaka ne, da su aka rubuta haraji da sunayen waɗanda aka kwasa aikin dole kafin a soke shi a 1946. Wannan ma gaskiya ne, amma shi ne ma dalilin ajiye su. Wanda aka zalunta ba ya ƙona shaidarsa. Kuma da irin kekunan nan ne ƴan siyasa da ƴan ƙwadago suka buga takardun neman ƴanci har aka kai 3 ga Agusta 1960.

Mun riga mun ga abin da sakaci ke jawowa. Gumakan yumɓu na Bura, a yammacin ƙasar nan, an yi ta haƙe su ana fitar da su waje har sai da aka sa su cikin jerin kayan tarihin da ke cikin haɗari. Jamhuriyar Benin sai a 2021 ta karɓo kayan tarihi 26 daga Faransa, bayan fiye da shekara ɗari. A watan Satumba na 2024 kuma ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram. Idan gini mai daraja irin wannan bai tsira ba, ina ga takarda da kurtu da ke ƙarƙashin gado?

Amma a yi hattara, kada sha'awa ta zama ɓarna. Hatimin hukuma ba kayan ado ba ne, na ƙasa ne, kuma a hannun mugu yana iya zama kayan buga takardun jabu. Tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami su ma ba na sayarwa ba ne. Cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni tana da sashe na musamman da ke adana su, kuma tun 1997 akwai dokar da ke kare kayan tarihin ƙasa. Ƴan uwa da ke waje, idan wani ya ce ku samo masa irin waɗannan daga gida, ku san abin da ake nema a hannunku.

Abin da ya rage mai sauƙi ne. Ka shiga ɗakin kaka ka duba kafin gara da danshi su riga ka. Kada ka zuba wa keke man gyaɗa ko ka shafe shi da fenti, ka kakkaɓe ƙura kawai ka ɗaga shi daga ƙasa. Abu mafi muhimmanci, ka tambayi tsofaffi tun suna raye: na wane ne, a wane gari ya yi aiki, a wace shekara? Ka rubuta ka ajiye tare da kayan, domin keken da babu labarinsa ƙarfe ne kawai. Mai aiko kuɗin cefane daga waje ya ware kaɗan a sayi akwati mai kyau. Su kuma hukumomi, gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai da na jihohi su buɗe ƙofa ga iyalan da ke son ba da ajiya, da takardar shaida da sunan mai kayan a jiki.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Daga baya na gaya wa ƙanena gaskiya, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko akwai abin da ya saura. Na koma ɗakin na lalube, na tarar da kurtun tawadar kakanmu da wasiƙu bakwai da Baba ya buga waɗanda masu su ba su dawo karɓa ba. Suna cikin akwati yanzu, na rubuta abin da na sani game da kowace ɗaya. Keken dai ya tafi. Naku fa, yana nan?