Kafin Ka Dasa Junifa A Gidanka

A sababbin unguwannin Abuja, Kaduna da Kano, masu gida sun ɗauki ɗabi'ar ƙawata harabarsu da itatuwan ƙetare masu tsinin kai. Daga cikin waɗanda ake sha'awa akwai junifa, wadda Larabawa ke kira ar'ar. Ado ba laifi ba ne. Abin da nake ja da shi shi ne mutum ya sayi itace bai tambayi daga ina ya fito ba.

Junifa ta saba da sanyi da kan tudu. Irin da Afirka take da shi yana girma ne a tsaunukan Habasha da Kenya, har zuwa duwatsun Asir a Saudiyya, akasari fiye da mita 1,500 daga doron teku. Tsaunin Mambila ya kai wannan matsayi, Jos na wajen mita 1,200, amma Kano ba ta kai 500 ba, kuma zafinta na watan Afrilu yakan haura 40. Wanda ya dasa ta a can ya jawo wa kansa ɗawainiya.

Ga wanda yanayin garinsu ya ba shi dama, sharuɗɗanta sanannu ne. Tana son rana sosai da ƙasa mai tsane ruwa, domin saiwarta ruɓewa take yi a taɓo. Ban-ruwa mai ratsa ƙasa take bukata a shekarar farko, daga nan a rage. Wajen aski kuwa, a tsaya a kan ɗanyen ganye, domin reshen da aka datse har tsohon ice ba ya sake toho. Ga jinkirin girma. Mai gaggawa ba zai ji daɗinta ba.

Babban abin takaici shi ne a sare tsamiya ko maɗaci mai shekaru domin a buɗe wa baƙuwa wuri. In ta bushe, an rasa inuwa, kwalliya kuma ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Kada a ce ƙyamar baƙo nake yi. Darbejiya ma daga Indiya aka kawo ta, amma ta jure fari, ta ba da inuwa da magani, har Bahaushe ya raɗa mata sunaye: dogon yaro, maina, bedi. Itacen da ya amfani jama'a shi harshensu yake yi wa suna. Don haka mazaunin Jos ko Gembu ya gwada junifa, Allah ya ba da sa'a. Bakano da Basakkwace kuwa su fara tanadin inuwa tukuna, ado ya biyo baya.