Mun Karanta Aristo Tun Kafin Lugga Ya Iso

Wani yaro daga yankinmu na Dogon Daji ya gama digirinsa na farko, ya ce shi falsafar mutanen da can yake so ya zurfafa a ciki, ta su Aflatun da Aristo, har ya zama malamin jami'a a wannan fanni. Da cewa ya yi zai kama sayar da fetur a galan a bakin titi, da an fi sa masa albarka. A wurin wani ɗaurin aure aka tasa shi gaba. Wani dattijo ya dube shi ya ce, "Kai ɗan nan, mi za ka ci da ita?" Wani kuma, matashi mai ƙaramin karatu da babbar waya, ya yanke hukunci nan take: falsafa ilimin kafirai ne, Turawa suka kawo ta don su ɓata mana aƙida. Yaron ya ce, "Allah shi gafarta Malam," ya ja bakinsa ya yi shiru.

Dattijon na yi masa uzuri. Wanda ya ga yadda malaman jami'a ke shafe watanni suna yajin aiki, kamar na 2022 da ya ci wata takwas, yana da hujjar jin tsoron kada ɗansa ya ƙare da tarin littattafai da tukunya a kife. Mai fatawar nan ne ban yafe wa ba, domin abin da ya faɗa jahilci ne, kuma jahilcin tarihin gidansu.

Turawa suka kawo? Yaushe? Sojojin Lugga sun shiga Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Shekara ɗari huɗu kafin wannan rana, Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya riga ya wallafa littafi kan manɗiƙi, har suka yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar, shi Suyuɗi yana haramtawa, Magili yana karewa. Manɗiƙin nan kuwa ba wani abu ba ne illa ilimin tsara hujja da Aristo ya shimfiɗa a ƙasar Girka, aka juya shi zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, ya bi ayari ya ƙetare Sahara ya sauka a zaurukanmu. Isaguji da malamai ke biya wa ɗalibai, na Abhari, sunansa da tubalinsa daga littafin wani masani ne mai suna Farfuriyus da ya rayu a ƙarni na 3. Sullamu na Ahdari, mutumin Aljeriya, har yau akwai masu haddace shi. Kuma shi Ahdari bai ɓoye saɓanin ba: ya kawo cewa Ibnu Salah da Nawawi sun hana, wasu sun ce a koya, sannan ya rinjayar da halasci ga mai lafiyayyen hankali da ya ƙoshi da Alƙur'ani da Sunna. Haka malamai ke magana. Su kawo wanda ya hana, su kawo wanda ya yarda, su gindaya sharaɗi. Ba su tsayawa a wurin cin shinkafar biki su kafirta fanni guda da jimla ɗaya.

Shi kansa tauhidin da mai fatawar ke cewa yana karewa, da me aka koya masa shi? Duk wanda ya karanta Ummul Barahina ta Sanusi ya fara ne da rabe-raben hukuncin hankali, wajibi da mustahili da ja'izi. Wannan ai aiki da hankali ne a tsare. Alƙur'ani kuma wurare nawa yake tuhumar mutane da rashin tunani da rashin hankalta? Mun taso muna jin malamai na cewa hikima ɓataccen kayan mumini ce, duk inda ya tsince ta nasa ne.

Amma bari in juya ga 'yan bokonmu, don su ma ba su tsira ba, hasali ma laifinsu ya fi girma tunda su ke da alƙalami.

Yanzu yayin da ake ciki a jami'o'in duniya shi ne batun tsame ilimi daga ƙangin mulkin mallaka. A Amurka da Ingila ana ta cacar baki kan sashen nazarin Girka da Rum: wa ya ce wayewa daga can kaɗai ta faro, me ya sa aka mai da ita gadon farar fata? Martin Bernal ya tada ƙura tun 1987 da littafinsa Black Athena, kafin shi Cheikh Anta Diop na Senegal ya yi ta fama kan matsayin Masar. A 2021 Jami'ar Princeton ta cire wa ɗaliban digirin farko na wannan sashe wajabcin koyon Girkanci da Latin. To, su can wannan rigimarsu ce, suna da dalilansu. Mu nan fa? Sai mu kwaso rigimar ɗungurungum, mu kama zauren otal a Abuja, mu yi kwana biyu muna zagin masanin falsafar nan Hegel da Turancin da ya fi na Hegel wahala, a raba jaka da kuɗin mota, kowa ya watse. Ka tare ɗaya daga cikinsu a bakin ƙofa ka ce, "Ranka ya daɗe Farfesa, ko ka karanta Ɗan Tafa?" Sai ka ga ana gyaran tabarau.

Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, an haife shi a 1804, shekarar hijirar Shehu zuwa Gudu, ya rasu a 1864. Jikan Shehu Usmanu ne ta wajen mahaifiyarsa Hadiza, mahaifinsa Malam Tafa kuma magatakardan Shehu ne. A Salame ya zauna yana karantarwa. Ya rubuta tarihin ƙasar Hausa a Raudatul Afkar, ya rubuta Futuhatur Rabbaniyya, ya rubuta Kulliyatul Alamis Sitta inda ya shiga zancen asalin halitta da rai da ainihin abin da aka yi jikkuna da shi, tambayoyin da su Aristo suka kwana a kai, shi kuma ya amsa su a matsayinsa na Musulmi sufi, ba tare da ya nemi iznin kowa ba. Bajamushen nan Heinrich Barth ya gamu da shi a Wurno a 1853, ya shaida cewa shi ne mafi ilimin mutanen Sakkwato na wannan zamani. Amma je ka duba yadda ake koyar da falsafar Afirka: galibi sai a fara da littafin wani fada ɗan Beljiyam, Placide Tempels, na 1945, a ɓata zango guda ana muhawarar wai shin Afirka tana da falsafa ko ba ta da ita. Mutumin Salame ya rasu shekara tamanin da ɗaya kafin wannan littafi ya fito.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ina littattafan? A wace kasuwa za ka sayi Ɗan Tafa bugagge, da wasali, da fassarar Hausa a gefe? Zaga shagunan littattafai na Sakkwato, za ka samu bugun Beirut da na Alƙahira jibge har rufi, ka nemi falsafar jikan Shehu ka sha rana. Waɗanda suka ɗauki wahalar fito da shi ga duniya a 'yan shekarun nan, irin su Muhammad Shareef da Oludamini Ogunnaike, daga ƙasashen waje suke aikin. John Hunwick, Bature, shi ya zauna ya jera sunayen rubuce-rubucen malamanmu a kundin da ya fito a 1995. Allah ya saka wa Waziri Junaidu da ya tsare abin da ya tsare, da ma'aikatan gidan adana tarihi mai sunansa a Sakkwato, da na Gidan Arewa a Kaduna. Amma abin da ke gidajen mutane fa? Gidan malamai nawa ne tsakanin Tambuwal da Kebbe da ke da tsohon akwati ko gafaka cike da rubutun hannu, magada sun hana kowa taɓawa wai albarkar gida ce, su ba su karanta ba, ba su bari an ɗauki hoto ba, gara da ɗigon damina suna ta karatunsu? In malamin gida ya rasu, a raba gona da awo, a raba shanu da lissafi, littattafai kuwa a tura su ɗakin da ake ajiye buhun gero. Wani ma sai ya yage takarda ɗaya ya wanke ya sha don neman sa'a, bai san ko babin manɗiƙi ya haɗiye ba. Lugga bai sa mu yin wannan ba. Shekara sittin da 'yan kai da tafiyar Turawa, wa za mu ɗora wa laifin gara?

Ga mu da son suna kuma. Makaranta mai sunan Shehu, titi mai sunan Bello, asibiti mai sunan Nana Asma'u, kowane ɗan siyasa in ya hau mumbari sai ya kira Daular Usmaniyya sau goma. Tambuwal gidan Buhari ɗan Shehu ne, malami marubucin waƙoƙi. Dogon Daji ta haifi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1923, a nan ya fara elemantare, don haka ba za a ce garin baƙon boko ba ne ko baƙon zaure. A irin wannan wuri ne za a yi wa yaro dariya don ya ce zai karanci tunani?

Su ma hukumomin jami'a da tsarin ƙarin girmansu sai a hankali. Malami ya kwashe shekaru yana tace rubutun hannu guda, ya gwada kwafi da kwafi, ya fassara shi da Hausa, a ce wannan bai kai maƙala mai shafi goma a mujallar waje ba. To wa zai yi? Kowa ya ga inda maki yake can zai nufa.

Ni ban ce a jefar da Girkanci ba, kada a ji ni a karkace. Jami'ar Badun tana koyar da shi tun 1948, kuma ina fata yaron nan ya koye shi har ya karanta Aristo da harshensa, ya haɗa da Larabci mai ƙarfi, don ya iya zama ya nuna mana abin da Ɗan Tafa ya karɓa, da abin da ya ƙi, da abin da ya ƙaro daga kansa. Wanda ya riƙe harsunan nan biyu da Hausa, jami'o'in duniya za su neme shi, dattijo ya kwantar da hankalinsa.

Masu kuɗin Tambuwal da Kebbe kuwa, da wakilanmu da ke raba babura da atamfa duk kakar zaɓe, kuɗin babur ashirin ya isa a ɗauki hoton rubuce-rubucen gidajen malamai na ƙananan hukumomin nan biyu, a kuma buga littafin Ɗan Tafa ko da guda ɗaya da fassara. In sun ga dama su manna hotonsu a bangon baya, ba za mu yi ƙorafi ba.