Matasa Masu Sikila: Waya Ba Ta Maye Gurbin Zama Tare

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, kowa ya san gidan da ke da saurayi ko budurwa mai amosanin jini, wato sikila. An ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta kowace shekara a Nijeriya. Wanda ya kai shekarun balaga da ita, ban da ciwon gaɓoɓi, yana ɗauke da fargabar tashinta, da yawan rasa karatu, da gorin tsara. Damuwa kuwa tana ƙara wa ciwo zafi.

A shekarar 1979, a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, Jon Kabat-Zinn ya kafa wani horo na mako 8 domin masu doguwar jinya: mutum ya natsu, ya lura da numfashinsa, ya halartar da zuciyarsa, ya daina gudu da tunani zuwa gobe. Asalinsa yana da alaƙa da addinin Buda, saboda haka dole malamai su tace shi. Amma natsuwa, da tadabburi, da haƙuri a kan jarrabawa, ba baƙi ba ne gare mu. Yanzu ana yin irin wannan horo ta intanet, har wasu na ganin waya ta wadatar.

Mu a Moriki muna da hujjar yin taka-tsantsan. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga, daga Ƙaura Namoda har Shinkafi da Zurmi aka wayi gari ba sadarwa. Da a ce waya ce kaɗai madogara, ina matashin nan zai nufa? Sannan budurwa nawa ce a ƙauyukanmu take da wayarta, da kuɗin data, da wurin caji? Uwa-uba, babban abin da ke cin ran mai doguwar jinya shi ne kaɗaici, alhali kuwa duba marar lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa.

Ba mu musun amfanin waya. Ranar da hanya ba ta biyuwa, ko sanyin hunturu ya kwantar da yaro, saƙon murya daga malaminsa rahama ne. Amma reshe ne, zama tare shi ne tushe.

Don haka muna kira ga makarantun Islamiyya da 'yan agaji su ware zama ɗaya a mako, maza daban, mata daban tare da malamai mata, a gayyato ma'aikacin lafiya. A koya musu natsuwa, a tunatar da su shan ruwa da yawa, da kariya daga sauro da sanyi. Kada kuma wani ya ɗauki wannan a madadin magani: idan ciwo ya tashi, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.