Fentin Jirgi Da Ruwan Da Muke Sha

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Gulbin Zamfara a Jega ya ga yadda masunta ke jawo kwalekwale tudu, su kife shi, su kankare gansakukar da ta manne a gindinsa, sa'an nan su liƙe tsaguwa da kwalta. Aikin da wuya, amma ba ya kashe kifi.

Manyan jiragen teku ba su kifuwa haka. Abin da ya manne musu yana rage gudunsu, ya ƙara musu shan mai, saboda haka Turawa suka ƙago fenti mai guba da ake kira TBT, wanda ke tsiyaya cikin ruwa a hankali. Ya yi aiki, har ya wuce gona da iri. A gaɓar Arkashon ta ƙasar Faransa katantanwar da ake kiwo ta daina hayayyafa, a wasu wurare kuma aka ga matan dodon koɗi sun fito da gaban maza. Faransa ta hana shafa shi a jiragen da ba su kai mita 25 ba a 1982, amma hukumar jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta tsayar da yarjejeniyar haramta shi ba sai 2001, kuma sai 2008 ta fara aiki.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Jandutsi da wannan? Tun hatsarin jirgin Warra a 2021 ake ta kira a musanya jiragen katako da na faiba da na ƙarfe. Kiran daidai ne. Amma jirgin ƙarfe sai da fenti, kuma ɗan kwangila mai araha zai saya. Gulbi kuwa ba teku ba ne: da rani ruwan kan janye, gubar ta taru a laka, ga shi nan ake sha, nan ake wanki, da shi ake ban ruwan albasa.

Akwai fentin silikon mai santsi, wanda ba ya kashe komai, sai dai ya hana mannewa, illarsa tsada. Ya kamata ma'aikatan da ke rubuta takardun kwangila su sa sharaɗin irin fentin da za a shafa. Jami'ar kimiyya da ke Aliero kuma, da Cibiyar Binciken Kifi ta Sabuwar Busa, su gwada su gani ko jirgin gulbi yana ma bukatar fenti mai guba, tun da ana iya jawo shi tudu a wanke.