Muna sayar da tsufan gaske a kilo, muna shafa na ƙarya da fenti



Kwanan baya ƙanwata ta nuna mini wani bidiyo a TikTok. Wata Baturiya ce ta sayo bokitin ƙarhe sabo fil, ta shafa mishi fenti kala biyu, ta goge bakinshi da gindinshi har na ƙasa ya leƙo, sannan ta ɗiɗɗiga fenti ruwan ƙasa da soso kamar tsatsa. Wasu ma ruwan khal da gishiri suke zubawa don ƙarhen ya yi tsatsar gaske. Cikin yini guda bokitin ya koma kamar wanda ya shekara hamsin bakin rijiya. Ta sa furanni ciki ta ajiye a falo. Ƙanwata ta ce ita ma haka za ta yi wa gwangwanayen ɗakinta, wai shi ne deko na zamani.

Na yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don na tuna kwanonin kakarmu. Allah ya jiƙanta, tana da jere na langa da samira da kumbo, da tasoshin tagulla da take cewa daga Bida aka kawo su. Bayan rasuwarta aka tara su a zaure, mai sayen gwangwan ya zo ya aza a sikeli. Abin da ya ba mu bai kai kuɗin tiya biyar ta hatsi ba. Ina wurin, kuma ban ce uffan ba.

Wanga abu ba gidanmu kaɗai ba ne. Ku zaga unguwannin Konni, ko ku shiga kasuwa ran Laraba, za ku ga yara da buhunan tsohon ƙarhe. Tasar da aka yi wa uwa gara da ita da bodin tsohon babur, duk a kilo ake sayen su. Daga nan sai tukunyar narka ƙarhe.

Jere hwa ba ado kawai ba ne. A da, shi ne bankin mace. Uwa takan shekara da shekaru tana tara wa ɗiyarta kwano ɗaya ɗaya, in shekara ta yi tsanani a cire ɗaya a sayar a sayi hatsi. Kahin langa akwai ƙwarya da tasa, bayanta roba da kula suka shigo. Wanda ya iya karanta ɗakin tsohuwa zai ga tarihin kasuwancin garin ga kwance ciki.

Kuma mu a Konni ba mu da rarar tsohon kaya da za mu yi wasa da ita. A 1899 sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine sun ƙone garin nan. Abin da kakanni suka tara bayan wannan, shi ne mahi yawan abin da ya rage hannunmu. In mun narkar da shi, jikokinmu sai sun tahi gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai kahin su ga irin kayan gidansu.

Wani zai ce talauci ne, kwano ba ya ƙosar da ciki. Gaskiya ne, kuma ba na zargin wanda yunwa ta sa ya sayar. Amma da yawanmu ba yunwa ba ce, kunya ce. Muna ganin tsohon kaya ƙauyanci ne, sai Bature ya kwaikwaye shi da fenti sannan ya burge mu.

Ban hana kowa sana'ar fentin ba. Matasanmu masu walda da fenti za su iya cin abinci da ita. Sai dai a kiyaye: abin da aka shafa wa fenti ko aka sa shi tsatsa na ado ne, kar a zuba abinci ko ruwan sha ciki, don wasu fentocin akwai dalma cikinsu, kuma dalma tana lahanta ƙwaƙwalwar yara.

Roƙona guda ne. Kahin a kira mai sikeli, kowane gida ya ware ko da kwano biyu. A wanke, a shanya su bushe sarai, a tambayi tsohuwar gidan wa ya saye su, a wane biki, a rubuta a takarda a sa ciki. Ƙanwata dai na ce mata ta tahi wurin gwaggonmu tun mai gwangwan bai riga ta ba.

Ku a gidanku me ya rage? Ku faɗa muna a ƙasa. Allah ya jiƙan magabatanmu.