Me Ke Riƙe Su, Alhali Ba A Biyansu?

Yau ina so mu duba mutanen nan masu rubuta ra'ayinsu a intanet game da kayan da suka saya ko gidan abincin da suka shiga. Me ke sa waɗansu su yi shekara da shekaru suna yi, ba mai ba su ko kwabo?

Abin ya daɗe. Amazon ya ba masu saye damar faɗin ra'ayinsu tun 1995. Mu ma nan, wadda za ta sayi dutsen guga a Jumia takan fara duba taurarin da aka ba shi, daga ɗaya zuwa biyar.

Kamfanoni suna da dabarunsu. A 2015 Google ya kafa tsarin Local Guides, yana ba mai rubutu maki da lambar yabo, har ya kai mataki na 10. Wannan kan jawo sabon shiga. Amma maki ba ya sayen gishiri, kuma wanda ya zo dominsa, da ɗoki ya wuce sai ya tafi.

A ganina abu biyu ke zaunar da mutum. Na farko, ya ga maganarsa ta amfani wani. Mu malamai mun san yarinyar da aka duba littafinta aka yaba mata, ita ke ƙara ƙwazo. Na biyu, a san shi cikin abokan yi, a riƙa cewa in wane ya faɗa to haka ne. Wanda ya sami wannan suna ba ya son ya zubar.

To, ina ruwanmu? Akwai masu karɓar kuɗi su yabi kayan banza, har sai da hukumar ciniki ta Amurka ta haramta saye da sayar da ra'ayin ƙarya a 2024. In masu gaskiya suka gaji suka bari, 'yan haya za su cika filin, kuɗin cefanenmu kuwa shi zai salwanta.

Saboda haka kada mu tsaya ga karantawa kawai. Wanda bayaninsa ya taimake ki, danna masa alamar godiya, yaba kyauta tukwici. In kin sayi abu, rubuta layi biyu na gaskiya, ko da ba da sunanki ba. Kada ki yabi abin da ba ki gwada ba, kada kuma ki ɓata sana'ar wata don gaba.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa.