Ni Kam Ban Wanke Kalila Ba

Jama'a, na gaji da jin yabon da ake yi wa Kalila. Duk wanda ya buɗe littafin Kalila da Dimna sai ka ji yana tsine wa Dimna, yana sa wa Kalila albarka. Ni kam ban yarda ba, ko da za a ce na cika gardama.

Asalin littafin daga Indiya yake, Abdullahi Ibnul Muƙaffa ne ya mai da shi Larabci daga Farisanci wajen shekara ta 750. Diloli ne guda biyu, aminan juna, a bakin fadar zaki. Dimna idonsa na kan muƙami, Kalila kuwa in ya sami na bakin salati shi ke nan. Dimna ne ya kawo sa gaban zaki, da ya ga sun shaƙu har an manta da shi, sai hassada ta ci shi. Ya ce wa zaki sa na shirin cin amanarsa, ya zagaya ya ce wa sa zaki zai yi kalaci da shi. Zaki ya kashe sa, bai ci ba bai sha ba.

To, ina Kalila yake duk wannan lokaci? Mai karatu, yana nan fa! Tun kafin a ƙulla sharrin Dimna ya gaya masa niyyarsa ƙiri-ƙiri. Me ya yi? Ya gyara zama ya shiga kawo misalai. Rai na shirin salwanta, malam yana tatsuniya. Ga fada kusa, amma ya kasa takawa ya rada wa wani babba. Ko sa bai je ya ce masa ya yi hattara ba. Sai da jini ya zuba sannan bakinsa ya yi kaifi, ya dinga yi wa Dimna faɗa cikin dare. Wannan faɗan ma da damisa ba ta ji ba, ta kai wa uwar zaki, da maganar ta bi ruwa.

Na san za a ce amana ce, aboki ba ya tona asirin aboki. Haba! Wace irin amana? Ni a ganina tsoro ne kawai ya yafa rigar kunya. Kalila ya fi son a ce hannunsa tsaf yake a kan ya shiga rigimar fada, kuma irinsu muna da su a kowace unguwa, masu "ai ni na gaya masa".

Ko abokin nasa ma bai tsira da wannan shirun ba. Da ya yi magana da wuri, iyaka a kori Dimna daga fada da ransa. Sai ga shi Dimna a ɗaure ana yi masa shari'a, Kalila ya je kurkuku yana kuka, baƙin ciki ya kashe shi tun kafin a yanke hukunci, daga baya aka kashe Dimna.